Abin da neman gurbin karatun koyar da yara masu galahanga ya koya mini

Jami'o'i da dama a Amurka suna da tsarin digiri na biyu na gaggawa a fannin ilimin yara masu buƙata ta musamman. Karatun da aka saba yi cikin shekara biyu ko fiye sai a matse shi cikin wata 12 zuwa 18, babu hutun kirki a tsakani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: malaman wannan fanni sun yi ƙaranci a kusan kowace jiha, yaran da ake ganowa da lalurar galahanga (wato autism, mai shafar magana da mu'amala da mutane) kuma ƙaruwa suke yi. Alƙaluman shekarar 2000 na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna yaro ɗaya cikin 150. Rahotonta na 2025 ya ce ɗaya cikin 31 ne a tsakanin 'yan shekara takwas. Kuma tun 1975 doka ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu naƙasa, a 1990 kuma, lokacin da aka sake mata suna zuwa IDEA, aka ambaci galahanga a matsayin rukuni mai zaman kansa. Yaran suna cikin aji yau, ba za su jira a gama horar da malami a tsanake ba.

Ni a Najeriya na yi digirina na farko a fannin ilimi, yanzu kuma mataimakiyar malama ce a wata firamare ta gwamnati a nan Amurka, a ajin da yawancin yaransa masu galahanga ne. Daga wannan aji na nemi gurbin.

Batun takardu ba shi da wani sirri sai farawa da wuri. Wanda ya yi karatu a wajen Amurka sai wata hukuma irin WES ta tantance digirinsa, kuma daga jami'arka take so takardar sakamakon ta fito, ba daga hannunka ba, saboda haka wata da watanni na iya wucewa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lasisin koyarwa. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata. Digiri daban, lasisi daban. Kafin ka biya kuɗin fom, ka tabbatar ma'aikatar ilimi ta jihar da za ka yi aiki ta amince da kwas ɗin, sannan ka san jarrabawar da take nema. Jihohi da yawa Praxis suke amfani da ita.

Inda na fi ƙaruwa shi ne wajen rubuta takardar bayanin kai. Malamar da nake aiki ƙarƙashinta, wadda ta daɗe a wannan fage, ta ce mini kowa rubutawa yake yi yana son yara kuma yana da haƙuri, masu karantawa sun gaji da ganin hakan. Abin da suke nema shi ne ko kin iya lura. Sai na rubuta labarin wani yaro a ajinmu da ba ya magana, wanda kullum dab da cin abincin rana yake faɗuwa ƙasa yana kuka yana toshe kunnuwa. Mai wucewa zai ce rigima ce. Mu kuwa rubutawa muke yi: me ya faru kafin kukan, yaya kukan yake, me ya biyo baya. Da rubutun ya taru sai abin ya fito fili, ashe hayaniyar ɗakin cin abinci ce take damunsa, ga kuma tashi daga aiki ba tare da an sanar da shi ba. Muka liƙa masa jadawalin hotuna a teburinsa, irin wanda shirin TEACCH na jihar North Carolina ya yaɗa tun daga 1972, muka riƙa shigar da shi ɗakin kafin sauran yara su cika shi. Kukan bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma ya ragu ƙwarai, har ya fara miƙo hoton ruwa idan yana jin ƙishi. Wannan miƙa hoto a karɓi abin da ake so shi ne tushen tsarin PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙira a Delaware a 1985.

A ganawar da aka yi da ni, kusan duk tambayoyin a kan wannan yaro suka tsaya. Me za ki yi idan jadawalin bai yi aiki ba? Yaya kika yi wa mahaifiyarsa bayani? Babu wanda ya tambaye ni shekarar da Leo Kanner ya fara bayyana lalurar, duk da na haddace cewa 1943 ce, a Baltimore, a kan yara 11.

Daga nan ne na canza yadda nake auna jami'o'in su kansu. Talla tana nuna maka yawan watanni, amma ni abin da na koma tambaya shi ne koyarwar gwaji. A wane irin aji za a sa ni? Wa zai riƙa zuwa ya zauna ya kalle ni ina koyarwa, kuma shi kansa ya taɓa riƙe ajin masu galahanga? Za a bar ni in zauna a taron IEP, wato taron da iyaye da malamai da masu gyaran magana suke tsara wa kowane yaro manufofin karatunsa na shekara? Ana iya matse lacca cikin mako takwas, na yarda. Sanin yaron da ba ya magana kuwa ba ya matsuwa. Tuwo ne, ko an ƙara wuta sai ya ɗauki lokacinsa kafin ya nuna.

Na kuma tambayi yadda suke koyar da ABA, hanyar gyaran ɗabi'a da binciken Ivar Lovaas na 1987 ya sa ta shahara. Tana da amfani, na gani da idona. Amma akwai manya masu galahanga da suka taso a ƙarƙashinta suna cewa an tilasta musu kallon ido da daina kaɗa hannu don kawai su yi kama da kowa. Maganarsu tana da nauyi a wurina. Kwas ɗin da bai san da wannan muhawara ba, ban ga ya cancanci kuɗina ba.

'Yan uwa daga gida sukan tambaye ni hanya. Gaskiyar da nake faɗa musu ita ce yawancin irin waɗannan shirye-shirye an gina su ne don wanda ya riga yana aiki a makaranta a nan kuma yana da izinin aiki, bizar ɗalibi ta F-1 kuwa tana da ƙa'idoji masu tsauri a kan aiki a wajen jami'a. Wanda yake Najeriya ya fara duba abin da ke kusa: Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero suna da sashen ilimi na musamman, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo. Buƙatar a can ta fi tsanani. Da na yi wa Gwaggo bayanin aikina a waya, shiru ta yi, can ta ce, "'Yar nan, ai irin yaran nan ne muke cewa iska ta taɓa su." Ta ambaci wani yaro a unguwarsu da ba a taɓa kai shi makaranta ba, ta ce in turo mata hotunan jadawalin ta kai wa uwarsa.

A ƙarshe na zaɓi shirin da ya fi sauran tsawo da zango ɗaya, ya kuma fi su tsada kaɗan. Shi ne kaɗai ya yarda in yi koyarwar gwaji a ajin da nake ciki, da yaran da na riga na sani, ya kuma faɗa mini a rubuce wanda zai riƙa zuwa duba ni.