Tauraron da Aka Mayar Baya

Lahadi, bayan sallar isha'i.

Yau na wuni a gidan maƙwabcina, wani dattijo Bature wanda ya yi aikin tuƙin manyan motocin soja a ƙuruciyarsa, kuma abin da ya kai ni bai wuce taya shi sauke akwatuna daga saman rufi ba. A cikin wani gwangwanin biskit muka ci karo da bajen hularsa na da, wanda da ƙyar ya cika tafin hannun yaro, amma sai da ya cinye mana yinin gaba ɗaya.

Bajen na rundunar sufuri ta sojan Birtaniya ne, wadda ake kira Royal Corps of Transport, da aka kafa a 1965. Siffarsa tauraro ce mai tsinaye, kambin sarauta ya hau kan tsinin sama, a ciki kuma akwai zoben ganye da ɗamara mai ɗauke da tsohuwar jimlar Faransanci, "Honi soit qui mal y pense", wato kunya ta tabbata ga mai mugun zato. Jimlar kirari ce ta wata lambar girma da Sarki Edward na Uku ya kafa a ƙarni na 14. A tsakiya akwai haruffan sunan Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Dattijon ya nuna mini cewa masu tara irin waɗannan kaya da siffar kambin suke gane zamanin baje, domin ana sauya ta idan sarauta ta sauya hannu. Kirarin rundunar kansa da Latin yake, "Nil sine labore", ma'ana babu abin da ke samuwa sai da wahala, kuma ban ga direban da zai musanta wannan ba.

Da muka zo kan shekarar 1993 sai muryarsa ta canza. A watan Afrilun shekarar ne aka haɗe rundunarsa da wasu huɗu aka samar da Royal Logistic Corps, rundunar da ke wadata sojoji da kayan buƙata, sabon tambarin kuma aka gina shi da gutsattsarin tsofaffin, yadda ake rabon gado ana neman kada kowa ya tashi hannu rabbana. Ya buɗe mini hotonsa a waya, yana bin kowane sashe da yatsa. Garkuwar tsakiya, mai igwa uku da harsasai uku, ta masu kula da makamai da rumbunan kaya ce. Ya yi dariya ya ce tun da daɗewa ake zolayarsu da cewa harsasan sun fi bakin igwar girma. Gatura biyu da aka gicciya na rundunar masu aikin ƙarfi ne, zoben ganyen ya fito daga injiniyoyin da ke kai wasiƙu, kirarin da ke ƙasa kuwa, "We Sustain", wato mu ne masu riƙe da rayuwar runduna, daga masu dafa abinci aka karɓo shi.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne tauraronsu ya koma baya, kowa ya ɗora kayansa a kansa, kuma aka ajiye kirarinsu aka ɗauki na mutanen kicin. Na ce masa a ganina babu wurin da ya fi dacewa da masu sufuri kamar nan, tunda aikinsu ke nan su ɗauki kayan kowa, kuma da za a zare tauraron da sauran alamomin sun rasa mazauni. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce magana ce mai daɗi, amma ta fito ne daga bakin wanda bai taɓa sa hular ba. Ban ja da shi ba.

Kafin in fito ya ce akwai gidan tarihin sabuwar rundunar a Worthy Down, kusa da Winchester, kuma rabonsa da tuƙi mai nisa an daɗe. Mun tsayar da Asabar mai zuwa, ni zan tuƙa.