Washa Ɗaya Ce Ta Cinye Min Batir

Ƙaurin roba na fara ji muna tsakiyar hawan tudu, mu huɗu a 'yar motar golf ɗina mai aiki da batir. Na tsaya na ɗaga kujera, na kai hannu kan wayar da ke haɗa batir na uku da na huɗu, ban san sanda na janye hannun ba. Sauran wayoyin ɗumi kawai suka yi, ita kuwa kamar an ciro ta daga wuta.

Motar mai volt 48 ce, batura shida masu volt 8 an haɗa su a jere. Wato wutar da ke bi ta waya ɗaya ita ce dai ke bi ta dukkansu. Da na tsaya na yi tunani a nan da ban yi asara ba, domin in da kauri ne matsalar, ai da duka wayoyin sun ɗau zafi tare. Amma tuni zuciyata ta yanke hukunci cewa wayoyin kamfani masu lamba 6 sun yi siriri. Na sayo masu lamba 4, waɗanda suka fi kauri, na mayar da makunnin motar kan yanayin da ake sa shi in za a ja ta, na cire zobe da agogo, na sauya su duka.

A nan na tafka kuskuren da har yanzu yake ci min rai. Saman dalmar da ke kan batir na uku, inda ake ɗaura waya, ya riga ya ɗan lotsa saboda zafin baya, bakin sabuwar wayar ya ƙi zama daidai. Sai na ɗauko washa, irin ta ƙarfen nan da ba ya tsatsa, na sa ta a ƙasa, na ɗora bakin waya a kanta, na ɗaure noti tamau. Ya yi kyau a ido. Har na yi wa wani kan batir ɗin haka don su yi daidai.

Mako biyu motar tana tafiya lafiya a fili. Ranar da na sake hawa tudun nan da kaya, sai ta yi tsit. Na ɗaga kujera na tarar dalmar ta narke ta zubo kan murfin batir, ƙusar da noti suna lilo a bakin waya. Dalma ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 327 a ma'aunin Celsius. Wannan zafin kuwa a saman batir mai fitar da iskar haidurojin ya taru, ƙarƙashin kujerar da nake zaune. Allah ne ya kiyaye kawai.

Abin da ban gane ba shi ne, aikin ƙusa da noti matsewa ne kurum. Wutar tana wucewa ne ta inda tagullar bakin waya ta kwanta kan dalma. Ni kuma na raba su da ƙarfen da ba ya ɗaukar wuta ko kusa da tagulla, na tilasta wa wutar motar gaba ɗaya ta bi ta cikinsa. Lissafin ma ba wuya: idan turjiyar mahaɗa, wato yadda take tare wa wuta hanya, ta kai ohm 0.01, a amfiya 50 zafin wat 25 take haifarwa, amma a amfiya 150 na hawan tudu sai ya zama wat 225, a wurin da bai fi faɗin kwabo ba. Wuta ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Shi ya sa a fili ban ga komai ba.

Wani abin takaicin, ranar da na ɗaura wayoyin sai da na gwada da mita. Kowane batir ya nuna wajen volt 8.4, na ce shi ke nan. Gwajin mota tana tsaye ba ya tona asirin mahaɗa mara kyau, domin ba wutar da ke gudu. Bayan na sauya batirin ne na yi gwajin da ya dace: na maƙala bakin mita ɗaya a jikin dalmar wannan batir, ɗayan a dalmar na gaba, na hau tudun ina kallo. Wayoyi masu lafiya ba su kai volt 0.1 ba. Da na zo kan wadda na sa wa washa ta biyu, mita ta haura 0.6. Ita ma tana kan hanyar narkewa ke nan. A take na cire ta, hannuna har rawa yake.

Na koma kan tsohuwar wayar da ta fara jawo komai, na yanke robarta. Daga waje tsaf take, amma ciki ruwan batir ya ratsa, tagullar ta koma kore har ta zama gari kusan tsawon ɗan yatsa. Waya ɗaya ce ta ruɓe. Ita kaɗai ya kamata in sauya, in goge dalmar da burushin ƙarfe har ta yi sheƙi ta kwanta daidai.

Yanzu babbar waya ce farko a kan dalma, ƙananan wayoyin caja a samanta, sannan washa, sannan noti. Ina ɗaurewa da sifana mai auna ƙarfi, wajen Nm 11 kamar yadda takardar baturana ta nuna, domin wuce gona da iri ma yana tumɓuke ƙusar daga cikin dalma. Ina wanke saman baturan da ruwan bekin soda, murafu a rufe. 

Har yau dai sabon batir ɗaya ne zaune cikin tsofaffi biyar, ba sa cika tare, kuma na san tsofaffin za su gajiyar da shi kafin lokacinsa. Duk sanda na sauko daga tudun nan sai na tsaya na taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum daga ta ukun nake farawa.