Mashin ɗin doguwar tafiya na hannu, idan kuɗinka a ƙirge suke

'Yan uwa masu son mashin, yau dai maganar manyan mashina na doguwar tafiya zan yi, irin masu gilashi a gaba da akwatuna a gefe da kujera mai faɗi wadda za ka wuni a kai bayanka bai ƙage ba. Sabo kam ba kowa ke iya taɓa shi ba, shi ya sa yawancinmu na hannu muke nema, kuma gaskiya babu laifi ko kaɗan, don irin waɗannan mashina an ƙera su ne su ci hanya shekara da shekaru. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutum zai tara kuɗi da guminsa, ya je ya zube su gaba ɗaya a hannun mai sayarwa saboda fenti ya ɗauke masa ido, ya dawo gida ba ko na taya a aljihunsa, bayan wata biyu mashin na jingine an lulluɓe shi da tamfol.

Don haka kafin ma ka fara duba hotuna, raba kuɗin nan. Ni a ganina kashi biyu cikin uku su ne kuɗin sayen mashin, ragowar ka ɓoye su kamar ba ka da su, don kusan duk na hannun da za ka samu a farashi mai sauƙi yana zuwa da bashin gyara a wuyansa. Taya biyu, batir, juyen baƙin mai da filta, man birki da ya kamata a ce ana canza shi duk shekara 2 amma da wuya ka samu wanda ya yi, ga takardu da inshora, ga hular kwano ta kirki da safar hannu da jaket idan ba ka da su. Wanda ya ce maka "hawa kawai za ka yi, ba ya buƙatar komai" to ka ji shi dai, amma kar ka taɓa kuɗin gyaran nan.

Sai maganar mita, wadda a nan ne na fi saɓawa da mutane da yawa. Kowa na neman wanda bai yi tafiya da yawa ba, da an ga kilomita 90,000 sai a juya baya. Alhali injinan nan, irin na Honda ST1100 da aka yi daga 1990 zuwa 2002, ko Yamaha FJR1300 da ya fito a 2001, ko Honda Gold Wing GL1500 mai silinda 6, suna wuce kilomita 150,000 lafiya lau muddin ana musu sabis a kan lokaci, kuma tafiyar babbar hanya a giya ta sama ba ta gajiyar da inji kamar tsaya-tafi na cikin gari. Abin da ke kashe mashin shi ne zama. Wanda aka ajiye shekara uku ko huɗu ba a tayar ba, fetur ya ruɓe a tanki ya zama kamar danƙo ya toshe kafireto, cikin tankin ya yi tsatsa, robobi sun bushe sun tsage, birki ya kama, ɓera ma ya iya cin waya, to mitarsa ƙarama ce amma aikin da ke jiranka babba ne. Ni kam a ba ni wanda ya sha hanya kuma mai shi yana da rasitan sabis a jere, na fi yarda da shi sau goma a kan wanda ya sha kwanciya a gareji.

Kuma mutumin da ke sayarwa shi ma abin dubawa ne. Tambaye shi yaushe ya yi juye na ƙarshe, wane mai yake zubawa, yaushe aka duba bawul. Wanda yake son mashinsa ba sai ka matsa masa ba, shi zai cika ka da bayani har ya nuna maka inda ya taɓa faɗuwa da kansa. Wanda kuma komai ka tambaya sai ya ce "ai lafiyarsa ƙalau" ya kau da kai, to akwai abin da bai sani ba ko abin da ba ya so ka sani.

Ka roƙe shi tun a waya kar ya tayar da injin kafin ka iso. Da ka isa ka ɗora hannu a jikin injin ka ji ko da sanyinsa, saboda inji mai ɗumi yana ɓoye abubuwa da yawa, wahalar tashi da ƙarar da ke fitowa minti na farko da hayaƙi duk sai a sanyi suke bayyana. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa yana nufin yana shan baƙin mai, farin tururi kaɗan da safe wannan ba komai ba ne, amma idan ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi to ka yi zargin ruwan lagireto na shiga inda bai kamata ba. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, in ka ga ya yi fari-fari yana kauri, ruwa ya haɗu da mai ke nan. Ka bar shi yana aiki har fankar lagireto ta tashi da kanta, kar gaggawar mai sayarwa ta sa ka tsallake wannan. In kana da 'yar mitar auna wuta ka ɗora a kan batir, idan an ɗan ba shi wuta ya kamata ka ga wajen bolt 13.5 zuwa 14.5, ƙasa da haka ba ya caji yadda ya kamata, kuma a irin waɗannan mashina gyaran caji ba ƙaramin aiki ba ne, a wasu Gold Wing na da ma sai an sauke injin gaba ɗaya.

Taya kuma kar zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara 5 ko 6 robarta ta fara taurin da ba za ta riƙe kwalta ba idan an yi ruwa, ko da zanenta na nan cif, kuma kai da za ka ɗauki kaya da wataƙila mutum a baya ka yi gudun babbar hanya, ranka a kan waɗannan tayoyi biyu yake. Sanya kuɗinsu a cikin ciniki kai tsaye. Daga nan ka duba ƙafafun gaba ko mai na tsiyaya a jikin shokazoba, ka ɗora mashin a kan sitan na tsakiya wani ya danna bayan har tayar gaba ta ɗaga, ka juya kan hagu da dama a hankali, in ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya ci. Ƙarshen hannu da bakin liba da gefen akwati su ne ke faɗa maka ko ya taɓa shan ƙasa. Faɗuwa a tsaye ba abin tsoro ba ce, kusan kowane babban mashin ya taɓa yinta, amma walda a jikin firam ko kai da ya karkace idan kana tafiya miƙe, wannan ka haƙura kawai ka tafi, komai arharsa.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne robobin jiki. Inji ana samun kayansa, amma murfin gefe ko gilashi ko akwatin mashin da aka daina ƙerawa shekara 20 da suka wuce, nemansa wahala kuma tsada, wani lokaci kuɗin robobin ya kusa kai kuɗin da ka sayi mashin ɗin. Haka ma na'urori. BMW R1150RT mashin ne mai daɗin tafiya sosai, amma birkinsa na ABS, wato wanda ke hana taya kullewa idan an kama birki da ƙarfi, mai famfon lantarki ne, kuma idan ya lalace gyaransa na iya cinye duk ajiyarka, don haka ka tabbata fitilar ABS tana mutuwa bayan ka fara tafiya. ST1100 da GL1500 kuma bel ne ke juya musu sandar da ke buɗe bawul a cikin inji, ka tambaya yaushe aka canza, in babu amsa ka ɗauka ba a canza ba.

Yawancin manyan nan shaf gare su a maimakon kaca, wato babu shafa mai kullum babu ɗaurewa, alheri ne babba a doguwar tafiya, sai dai ka duba ko mai na fita a wajen tayar baya ka kuma girgiza tayar ka ji ko tana wasa.

Yanzu nauyi, don Allah kar a raina wannan. Gold Wing GL1800 ya kusa kilo 400, ST1100 yana wajen kilo 300 da mai a ciki. A kan hanya ba za ka ji ba, amma wajen juyawa a ƙaramin wuri, ko tsayawa a kan tsakuwa, ko tura shi baya a gangare, a nan ne za ka san abin da ka saya. Na fi son mutum ya sayi wanda zai riƙa hawa kullum da kwanciyar hankali a kan wanda zai riƙa jin fargabar fito da shi. Shi ya sa ga mai ƙaramin kuɗi, musamman wanda bai daɗe da fara hawan manya ba, nake yawan ambatar Suzuki V-Strom 650 da ya fito a 2004, ko Honda Deauville mai akwatuna a jikinsa da shaf. Ba su da kwarjinin Gold Wing, amma ba su da shan mai sosai, taya da kayan gyaransu sun fi sauƙi, makanike ba ya kwana yana kwance robobi kafin ya kai ga fulogi, kuma za su kai ka duk inda babban zai kai ka.

Takardu kuma babu sassauci. Lambar sasi mai haruffa da lambobi 17 tana jikin wuyan mashin, ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya ka gwada da ta takarda, haka lambar inji, ka kuma tabbata sunan da ke takardar na wanda ke tsaye a gabanka ne kuma babu bashin da ke kan mashin. Wurin lambar in ya nuna alamar an goge ko an sake bugawa, ciniki ya ƙare a nan. Kar ka tura wa kowa kafin alƙalami a kan mashin da ba ka gani da idonka ba.

In komai ya yi, ka nemi ka ɗan hau, ka shiga kowace giya, a giya ta sama ka murɗa wuta sosai ka ji ko kuloci na zamewa, ka kama birki ka ji ko yana bugun hannu. Ka je da makanike ko abokin da ya san mashin wanda shi ba ruwansa da son da kake yi wa wannan ɗin, don shi zai ga abin da idonka ya rufe a kai. Duk abin da kuka gano ku rubuta da kuɗin gyaransa, da wannan takardar za ka yi ciniki. Bayan ka biya kuma, kafin ka ɗaura kaya ka kama doguwar hanya, ka yi masa cikakken sabis, ka yi mako biyu ko uku kana zagaye kusa da gida da shi tukuna, a nan duk wata 'yar matsala da ta ɓuya za ta fito inda gyara ke kusa.