Abin da na samu a Samaru bayan takardar digiri

Karatun injiniya a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne a rubuce. Mu da muka yi namu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya a 'yan shekarun nan, ya zarce haka, domin korona ta rufe makarantu a 2020, sannan yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Alhamdu lillahi, na fito da digiri a fannin lantarki. Idan ƙannena suka tambaye ni abin da ya fi yi mini rana, amsata ɗaya ce: muddin kana ɗalibi, kusan duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa za a buɗe maka, ba tare da an nemi ko sisi a hannunka ba. Da ka gama, wannan gatan ya ƙare.

Ba ina cewa a yi sakaci da maki ba ne. Aji ɗaya da aji biyu lissafi ne da fizis da zanen injiniya, kuma wanda ya bari makinsa ya zube a nan zai sha wuya kafin ya ɗago shi. A sakamakon digiri, mataki na biyu mai daraja ta sama daga matsakaicin maki 3.50 yake farawa, kuma masu ba da tallafin karatu da manyan kamfanoni da yawa shi suke fara dubawa. Na yi zaman Laburaren Kashim Ibrahim kamar kowa. Sai dai ba a nan na zama injiniya ba.

Mutanen da ɗalibai suka fi yi wa kallon hadarin kaji su ne ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, alhali wasunsu sun fi shekarunmu a kan aikin. Akwai wani dattijo a cikinsu da na riƙa tsayawa ina taya shi naɗe wayoyi bayan an tashi. Wata rana ya ga zan jona wani tsohon inji da wuta, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Tsaya, ɗana. Kafin ka ba shi wuta, tambaye shi lafiyarsa tukuna." Ya ɗauko mega, wato na'urar auna ƙarfin rufin waya, ya maƙala baki ɗaya a koyil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, ɗaya a jikin ƙarfen injin. Allurar ta tsaya can ƙasa. Ya sa na kusanto da hancina, na ji ƙaurin fenti da ya ƙone. "Ka ji ko? Danshi ya shige shi." Na ce, "Baba, a littafi ba a faɗi ƙauri ba." Ya yi murmushi ya miƙo mini sukuddireba. A hannunsa na koyi ƙirga ramukan koyil da gane kaurin waya, kuma da wannan ɗan ilimin wani mai naɗin koyil a garinmu ya yarda ya ɗauke ni lokacin yajin aiki. Watannin da wasu suka ƙarar a majalisar unguwa, ni a gaban injin niƙa da famfon burtsatse na yi su.

Sai SIWES, shirin horon ɗalibai a masana'antu da ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta ɓullo da shi a 1973. Mu 'yan injiniya wata shida muke yi a aji huɗu. Abin yana ci mini rai idan na ga ɗalibi ya kai littafinsa ofishin kawunsa an buga masa hatimi ya koma gida ya kwanta. Babu wani lokaci kuma da masana'anta za ta bar ka ka buɗe akwatin wutarta don kawai ka ce koyo ka zo yi. Ni na yi nawa a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, Kano. A can na ga dalilin da ya sa ba a tayar da babban inji mai layi uku kai tsaye: lokacin tashi yana jan wuta ninki shida ko bakwai na abin da yake ci idan ya daidaita. Shi ya sa ake fara jona wayoyinsa ta hanyar da ake kira haɗin sita, wadda ke rage jan zuwa kashi ɗaya cikin uku, bayan 'yan daƙiƙu a mayar da shi haɗin delta, wanda yake aiki da shi idan ya daidaita. Na zana wannan a jarrabawa, amma sai da na ji ƙarar kontakta, wato makunnin da ke sauya haɗin, tana sauyawa, ƙas, na ga allurar mita ta sauko, sannan ya zauna mini a kai.

Aikin kammala karatu shi ne inda na fi cin moriyar girman jami'ar. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani na bakin kogin Galma sun shiga matsi, domin injin ban-ruwansu da fetur yake aiki. Na zaɓi yin famfo mai aiki da hasken rana. Lissafin faifan sola da inbata, wato na'urar da ke juya wutar faifan ta dace da inji, na iya shi, amma yawan ruwan da kadadar tumatir ke sha a yini ba a koyar da shi a sashenmu. Sai na taka zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, nan cikin Samaru, na nuna katina. Wani malami da bai taɓa ganina ba ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Manoman kuma suka ƙara mini abin da ya sauya tsarin gaba ɗaya: noman rani da hunturu tare suke zuwa, hazo yana dusashe rana, ƙura tana lulluɓe faifan. Dole na ƙara yawan faifai, na kuma ɗora su a inda hannun manomi zai kai ya goge kowace safiya. A ranar kare aikin, kan wannan batu malamai suka fi tsayawa.

Yanzu abin da ke gabana shi ne rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya, wadda sai da yardarta mutum zai sa "Injiniya" a gaban sunansa. Tana neman gogewar aiki ta shekara huɗu bayan digiri, da rahoton ayyukan da ka yi da hannunka. Tun a Sharaɗa wani babban injiniya ya ce mini in sayi littafi mai kauri in riƙa rubuta kowane aiki: kwanan wata, girman inji, matsalar da aka samu, da yadda aka gyara. Na ci gaba da cika shi har a wurin bautar ƙasa, kuma daga cikinsa zan fitar da rahoton idan lokaci ya yi, in sha Allahu.