Yau Bingo ya tsaya har na juya masa baya

'Yan uwa masu fama da horon karnuka, yau dai abun ya yiwu! Na ce wa Bingo "tsaya", na juya masa baya na yi tafiyata har ƙarshen igiya, wani yaro ya wuce da keke ta gefensa, wallahi ko gezau bai yi ba sai kunnuwa da suka miƙe. Da na dawo wajensa ji na yi kamar in ɗaga shi sama don murna.

Zauna da kwanta kam ba sai na ɓata muku lokaci ba, tun yana ƙarami ya kama su. Da ya kai wajen wata 8 ne komai ya rikice, in ce zauna ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa jin kalmar ba, amma in wani baƙo ya faɗa nan take zai zauna, abun ya ƙona min rai sosai. Ashe ba nawa kaɗai ba ne. Akwai binciken da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle a Ingila ta jagoranta, ya fito a 2020, a kan karnukan da ake renonsu don yi wa makafi jagora, sun gano a wata 8 karnukan sun fi taurin kai wajen bin umarnin "zauna" daga mai kula da su fiye da yadda suke a wata 5, amma na baƙo suna bi. Lokacin balagarsu kenan. Duk wanda nasa ke wannan shekarun ya yi haƙuri, yana wucewa.

Amma wanda ya fi ba ni wahala shi ne tsaya. In ina gabansa ina kallonsa zai iya minti ɗaya cur bai motsa ba, in ja da baya ina fuskantarsa ma yana nan, amma da zarar kafaɗata ta juya shikenan ya miƙe ya biyo ni yana kaɗa wutsiya, shi a ganinsa daidai ya yi. Kuma in ka duba da gaskiyarsa, don kare ya fi karanta jikinka fiye da muryarka, kuma duk rayuwarsa in na juya baya tafiya za mu yi, to bakina na cewa tsaya jikina kuma na cewa taho, wanne zai bi?

Abun da ya yi aiki shi ne na yayyanka juyawar kanta ƙanana ƙanana. Farko kaina kawai nake kawarwa gefe, in bai tashi ba in ce "yawwa" in ba shi lada. Sai kafaɗa ɗaya. Sai rabin juyi in dawo. Sai in zagaya gaba ɗaya a inda nake tsaye ba tare da na ɗaga ƙafa zuwa ko'ina ba. A nan muka daɗe, gaskiya har na fara tunanin ko ba zai taɓa ganewa ba, don rabin juyin lafiya lau, amma da ya ga bayana sosai sai ya zabura. Duk sanda ya tashi sau biyu a jere ba faɗa ba tsawa, in koma matakin baya kawai. Kuma ba na maimaita kalmar, sau ɗaya nake faɗa, in ka riƙa tsaya tsaya tsaya sai ya koyi cewa na farkon ba komai ba ne.

Kun san dai abubuwa ukun nan, tsawon lokaci, nisa, da abun ɗauke hankali. Ni yanzu na yarda ɗari bisa ɗari ba a haɗa su. Da na shigo da juyawa sai na mayar da lokacin sakan 2 kacal, nisa kuma babu, sai da juyin ya zauna sannan na ƙara taku ɗaya. Wani abu kuma da nake ganin shi ne rabin nasarar, ni nake komawa wajensa in ajiye ladan tsakanin ƙafafunsa na gaba, ba na kiransa ya zo ya karɓa, don in ka kira shi tashin ka ba wa lada ba tsayuwar ba. Kuma ba ya tashi sai ya ji "je ka". Ina da kilika, 'yar na'urar da ake dannawa ta yi ƙara don kare ya san ya yi daidai, amma hannu ɗaya igiya ɗaya nama, sai na koma "yawwa" da baki, muhimmi dai ta fita cikin sakan ɗaya da yin abun.

Igiyar nan mai mita 10 kuwa ta ci min kuɗi, ta farko ya tauna ta ya raba biyu sanda hankalina ke kan waya, dole na sake sayen wata har da rigar ƙirji, aljihuna ya ji a jikinsa. Amma don Allah kar ku ɗaura doguwar igiya a abun wuya, in ya fizga da gudu ya kai ƙarshe wuyansa ne zai sha.

A tsarina da sai na gama tsaya sannan in shiga kira daga nesa, amma yanzu duk sun cakuɗe, minti 5 na wannan minti 5 na wancan kafin ya ci abinci, ladan ma daga cikin abincinsa na ranar nake ɗiba don kar ya yi ƙiba.

Saura kyanwa. Keke ya jure, mutane ya jure, amma in ya hango kyanwa, to ko naman ma ba ya kallo. Waɗanda suka wuce wannan matakin, daga nisan mita nawa kuka fara, kuma da wane lada kuka riƙe shi?