Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kilinka a Aljihu

A makon jiya mun tsaya inda aka ba ni darasi ɗaya in riƙa koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, alhali ban bar aikina na masana'antar siminti a Kalambaina ba.

Talata da Alhamis nake shiga aji. In aikin dare ya faɗo a kaina, nakan tashi da shida na safe, in biya gida in watsa ruwa, in hau babur in ƙetare gadar Kwalkwalawa, rana tana ɗagowa a kan fadama. Uwargida ta ce mai bin zomo biyu ba ya kama ko ɗaya. Ban tanka ba, don ni ma ina tsoron hakan.

Wata guda na yi ina cika allo da lissafi. Yaran kuwa masu ƙwaƙwalwa ne, sun haddace cewa dutsen farar ƙasa yana sakin iskarsa a wajen digiri 900, kilinka kuma, wato gasassun dunƙulen da ake niƙawa su zama siminti, ba ta haɗuwa sai zafi ya kai 1,450. Rannan na tambaya, "Wace kala ce kilinka?" Aji ya yi tsit. Can wata ɗaliba ta ce, "Malam, ba fara ba ce?" Laifina ne. Kullum ina taka abin da takalmina, amma ban taɓa nuna musu ba.

Nan na tuna wani dattijo mai kula da wutar kilin, wato doguwar tanderun nan mai juyawa. An kafa kamfanin a 1962, aka fara fitar da siminti a 1967, shi kuma tun yana saurayi ya shigo, kusan tare suka girma. Bai yi boko mai nisa ba. Wani dare ina sabon zuwa, ya miƙo mini baƙin gilashinsa ya ce in leƙa.

"Injiniya, mi kaka gani?"

Na ce, "Baba, ai na'ura ta nuna komai daidai."

"Awo, na'ura ta hwaɗi nata. Amma wagga wuta ta yi sanyi."

Ya ƙara mai. Da samfurin da aka ɗiba kafin nan ya dawo daga ɗakin gwaji, sai ga maganarsa. Ni da digirina na yi shiru kamar ruwa ya ci ni. Har yau ban kai shi karanta launin wuta ba.

Alhamis ta gaba na nemi izini na cika aljihu da kilinka, baƙi-baƙi, daga mai girman aya har mai girman goro. Na zube a tebur, aka yi ta wawaso. Na zo kuma da garinta kashi biyu, ɗaya zalla, ɗaya an niƙa shi da ɗan jibsam, wani farin ma'adini da ake haɗawa a siminti. Muka kwaɓa. Na zallar ya ɗauki zafi ya sandare kafin mu gama magana, ɗayan kuwa har muka tashi yana nan da laushi. Ba wanda ya sake tambayata amfanin jibsam.

Wani yaro da mahaifinsa ke buga bulo ya ɗaga hannu: "Malam, don me ake ba bulo ruwa bayan ya bushe?" Na ce ba bushewa siminti yake yi ba, ruwan yake ci ya yi ƙarfi, shi ya sa muke auna ƙarfinsa sai a kwana 28. A zafin Sakkwato, bulon da aka bari da ƙishi a makon farko ya tashi aiki. Ya rubuta a tafin hannunsa, wai zai kai wa babansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ambaliyar 2010, da ta yanke mana hanyar jami'a.