Ranar da Buffalo Bill ya mutu

10 ga Janairu. Rana irin ta yau a 1917 William Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill, ya mutu a Denver ta Amurka. Na wuni ina duba tsofaffin hotunan wasansa na dawakai da harbi mai kwaikwayon rayuwar yammacin Amurka, wanda ya buɗe a Omaha a 1883.

Harbin nan nasa na fi daɗewa a kai. Yana bisa doki a guje, wani mahayi na cilla masa ƙwallayen gilashi sama, yana fasa su ɗaya bayan ɗaya. Harsashin cike yake da ƙananan ƙwayoyin dalma masu bazuwa. Dole ce ta sa: harsashi guda in ya kuskure sai ya yi nisa ya faɗo kan jama'a, su kuwa ƙwayoyin kusa ƙarfinsu ke ƙarewa. Duk da haka sai gwani, domin doki ba ya tsayawa a saita.

Kayan wasan na gaske ne. Keken dokin garin Deadwood da ake nunawa a wasan ya taɓa jigilar fasinja. Mahayan Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, daga garuruwansu aka ɗauko su, har wani shugabansu, Sitting Bull, ya bi ayarin wata huɗu a 1885, ana biyansa dala 50 a mako. Shi kansa Cody ya yi wa ma'aikatan layin dogo farautar ɓauna a 1867 zuwa 1868. Tsarin labarin ne ke cin raina. A fili 'yan asalin ƙasar ne masu kai hari, a kan keken doki ko bukkar baƙon manomi, sai Cody ya sukwano ya ceci mutane. Wanda aka ƙwace wa ƙasa shi aka mayar maharin, kuma haka aka nuna wa Sarauniya Victoria a Landan a 1887.

Da yamma na tsaya kan 17 ga Yuli 1876. A ranar Cody ya kashe wani ɗan ƙabilar Cheyenne mai suna Yellow Hair a yaƙi a Warbonnet Creek, sanye da tufafinsa na dandalin wasan kwaikwayo da yake yi tun kafin wancan wasan, baƙin karammiski, sannan ya koma dandalin yana kwaikwayon kisan ana biyan kuɗin shiga. Bayan kisan kiyashin da sojan Amurka suka yi wa Lakota a Wounded Knee a Disambar 1890, fursunonin Lakota da soja ke tsare da su aka miƙa masa, ya tafi da su Turai a 1891, cikinsu har da jagororinsu Kicking Bear da Short Bull.